SHIRUN DAJI MA DUKIYA NE



Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, amma duk wanda ya taɓa bin maharbi cikin daji ya san cewa a can ji ne yake yi wa gani jagora. Kafin ka hangi giwa sai ka ji karyewar reshe, kafin ka ga dorina sai ka ji gurnaninta daga cikin ruwa. Saboda haka maganata a yau ita ce yadda masu ziyarar gandun daji suke jin sauti, da irin hasarar da hayaniya take jawo musu.

Mu ɗauki Yankari ta Jihar Bauci, wadda aka keɓe a 1956, aka buɗe ta ga jama'a a 1962. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma akwai irin tsuntsaye fiye da 350 a cikinta. Da yawa daga tsuntsayen nan baƙo ba ya ganinsu, kukansu kawai yake ji daga cikin duhuwa. Watau mutumin da ya taso daga Ikko ko Fatakwal ya kashe kuɗinsa ya zo, idan ƙarar rediyon wani ta rufe masa kunne, an ƙwace masa rabin abin da ya zo nema, ko da kuwa ya ga garken ɓauna.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, kunnen baƙo ba ƙarfin ƙara kaɗai yake aunawa ba, yana duba ko ƙarar ta dace da wurin. A ƙasar Amurka, a Jihar Kalifoniya, akwai wani kurmi na dogayen itatuwa da ake kira Muir Woods, wanda gwamnati ta keɓe tun 1908. Masu bincike sun tambayi baƙin wurin irin sautin da ya yi musu daɗi da wanda ya dame su. Gudun ruwa da kaɗawar iska da kukan tsuntsaye su ne suka faranta musu rai, surutun mutane da ɗaga murya kuwa su ne suka ɓata musu. Ga shi kuwa ruwa mai gudu yakan fi muryar mutum ƙara, amma ba wanda ya kira shi hayaniya.

Abu na biyu, ƙara kaɗan tana yin ɓarna mai yawa. Ma'aunin ƙara shi ake kira desibel. Idan hayaniya ta ƙaru da desibel 3 kacal, filin da kunne yake iya kamo sauti a cikinsa yakan ragu da rabi. Idan ta ƙaru da 10, kashi 90 cikin 100 ya tafi. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa hayaniyar ɗan Adam ta ninka ƙarar da aka saba ji a kashi 63 cikin 100 na keɓaɓɓun wuraren Amurka. Baƙo dai nishaɗi ya rasa, amma dabba rayuwarta ke nan, domin da kunne gada take jin tahowar mafarauci, da kunne kuma tsuntsu yake samun abokin aure.

Abu na uku, maganin ba shi da tsada. Gaskiya ne wani lokaci sai da doka, kamar yadda majalisar Amurka ta yi a 1987 domin rage ƙarar jiragen sama masu yawo da baƙi bisa babban kwazazzabon nan na Grand Canyon. Amma a Muir Woods, a 2007, alluna kawai aka kafa a wani sashe ana roƙon jama'a su sassauta murya su kashe wayoyinsu. Ƙara ta ragu da kusan desibel 3, watau filin da kunne yake kaiwa ya kusa ninkawa, kuma baƙin da kansu suka goyi bayan shirin. Ba ɗan sanda, ba tara, roƙo kawai cikin ladabi.

To, jama'a, mu ma ba abin da zai hana mu yin haka a Yankari da Gashaka Gumti da Kainji da sauran gandayenmu. Direba ya kashe inji idan an tsaya kallo, ya bar danna oda. Malamin da ya kawo 'yan makaranta ya sa su yi tsit na minti biyar, sa'an nan ya tambaye su kukan tsuntsu nawa suka ji. Mai kiɗa ya ajiye shi sai ya koma gari. Hukumomi kuma su keɓe wuraren shiru da lokutan shiru, musamman da asuba da almuru, su lasafta sautin daji cikin dukiyar da aka ba su amana, daidai da giwa da zaki.

An ce kunne ya girmi kaka. Kakanninmu sun ji kukan burtu da sassafe, haƙƙin jikokinmu ne su ma su ji. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan amana.