Kitson Gida: Kada Garin Neman Gira Mu Rasa Ido

Jawabin da ɗaya daga cikin iyayenmu mata 'yan kasuwa ta gabatar a taron mata na ƙungiya

 

Da aka ce mu yi magana yau, wasu sun zaci zancen adashi za mu yi ko tsadar kaya, tunda kasuwa ce sana'armu. To ba can muka dosa ba. Maganar kai za mu yi, wato gashinmu da na 'ya'yanmu. Wata za ta ce, duk matsalolin Abuja, ga kuɗin haya, ga rusau, ga kuɗin mota, a rasa abin tattaunawa sai kitso? Ku yi haƙuri ku saurara, domin a cikinsa akwai lafiya, akwai ibada, akwai kuma aljihu.

Da yawanmu mun zo garin nan ne bayan da aka dawo da hedkwatar ƙasa daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991. Can gida, ko Kano ne, ko Katsina, ko Zariya, ko Sakkwato, kitso a tsakar gida ake yinsa. Ranar Alhamis da babu makarantar allo a shimfiɗa tabarma, a tsefe kai, a wanke da karkashi, a shafa man shanu ko man kaɗe, yarinya ta kwantar da kai a cinyar goggonta ko maƙwabciya. A yi mata shuku, ko zane, ko kalaba, manya kuma a yi musu doka. A nan yarinya ke koyon kitso, a nan take jin nasiha.

Da muka zo Karmo da Gwagwa da Nyanya da Kubwa da Dei-Dei, sai muka tarar da gidan haya, babu goggo, babu kaka. Uwa ta fita tun asuba don ta tsere wa cunkoson hanya ta isa kasuwar Wuse, ba ta dawowa sai magariba. Ranar Asabar sai a danƙa wa yarinya kuɗi a ce, “Je ki salun.”

Ba laifin makitsa muke gani ba, 'yan'uwanmu ne, neman halal suke yi, kuma abin da muka nema suke yi mana. Mu ne ke cewa, “A ja shi sosai don ya daɗe.” To yau mu dubi goshin 'ya'yanmu. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu, gashin gaban kanta da na gefen kunne duk ya gudu. Likitocin fata sun san wannan ciwo: yawan ja ne ke gajiyar da tushen gashi. Alamarsa ƙananan ƙuraje a gindin kitso, da ciwon kai, har yarinya ta kasa kai goshi ƙasa a sujada. In an sassauta da wuri gashin yana dawowa. In aka yi shekaru ana ja, tushen ya mutu, babu man da zai tayar da shi, ko nawa aka saye shi. Ku tuna, gashi ba ya wuce kamar santimita 1 a wata. Abin da aka tuge a yini guda sai a shekara ana jiransa.

Sai kuma man miƙar da gashi, wato rilaksa. Gaskiya ɗaya ce, wasunmu muna sayar da shi a shagunanmu, don haka mun san abin da ke rubuce a jikin robar. Wasu irinsa da soda ake haɗa su, irin wadda ake dafa sabulu da ita, shi ya sa yake ƙona fatar kai. A shekarar 2022 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fitar da sakamakon nazari a kan mata sama da 33,000, inda aka ga cewa masu shafa irin wannan mai fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa shafawa kamuwa da sankarar mahaifa. Binciken bai ce duk wadda ta shafa za ta kamu ba, amma ai rigakafi ya fi magani.

Ta fuskar addini kuwa, mun karanta a Islamiyya cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani mai tsanani a kan ƙarin gashi, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. A Risala kuma an nuna mana mace ba sai ta kwance kitso ba wajen wankan tsarki, ta dai cuɗa shi ruwa ya ratsa. Amma malamanmu sun yi bayani cewa in ya yi tsaurin da ruwa ba ya kaiwa ga fata, sai an kwance. Kun ga ashe sassauƙan kitso ya fi mana ta kowace fuska.

To mene ne mafita? Akwai kitson murɗe, wanda yara ke kira tuwis. Kowane ɗaya a tsaye yake shi kaɗai kamar kalaba, da sili biyu kawai ake yinsa, ba ƙari, ba zare. Mace za ta iya yi wa kanta a gaban madubi.

Da farko a tsefe kai da yatsu, daga bakin gashi a yi sama zuwa tushe, kada a sa mataji a busasshen kai. A jiƙa karkashi sai ya yi yauƙi, a wanke da shi, shi ke warware cuɗewa. Mai shamfu ta yi da shi, amma ta ɗauraye sosai. A tsane da tsumma mai laushi. Tun da sauran laima, a murza man kaɗe a tafin hannu ya narke, a bi gashin da shi. Ku lura, ruwa shi ke tausasa gashi, mai kuwa tsare ruwan yake yi kada ya gudu. Mai a kan busasshen gashi ƙyalli ne kawai.

Daga nan a raba kai gida huɗu da kibiya. A ɗebi gashi kamar kaurin ɗan yatsa, a raba biyu, a riƙa ɗora wannan a kan wancan har ƙarshe, sai a naɗe bakin a yatsa ya lanƙwashe. Gindin a bar shi sako-sako. Ƙananan gashin goshi a ƙyale su, ba dole sai sun shiga ba. In yarinya ta ce, “Umma, da zafi,” a kwance a sake. Ranar farko zai ɗauki lokaci kuma ba zai yi kyan na salun ba. Kada ku karaya, a karo na uku hannu zai faɗa.

Mako biyu zuwa uku ya isa, kada a bari ya kai ga dunƙulewa. Da dare a ɗaura ɗankwali mai santsi, domin na auduga yana shanye mai. Kada a rufe jiƙaƙƙen kai da hijabi, yana kawo wari da ƙaiƙayi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a riƙa yayyafa ruwa ana bin sa da mai duk bayan kwana biyu ko uku. Ranar tsifa in kin ga gashi a hannu kada hankalinki ya tashi, kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum, su ne suka taru. Amma in kika ga wuri ya kwaye zagaye a kan yaro yana ɓarewa, wataƙila makero ne, asibiti za a kai shi, ba mai za a lafta ba.

A ƙarshe ga roƙonmu ga shugabanni. Tunda muna haɗuwa don adashi da biki da suna, mu ware yini ɗaya a wata, kowace unguwa a gidan ɗaya daga cikinmu, a zo da tabarma da mataji da 'yan mata. Wadda ta iya ta koya wa wadda ba ta iya ba. Kuɗin salun kuma a zuba a asusun makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Goggonnin da muka baro a gida, yanzu mu ne su a nan, in ba mu koyar ba babu mai koyarwa.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya ba mu ladansa, inda muka yi kuskure ya yafe mana. Allah ya raya mana zuri'a, ya bar zumunci, ya mayar da kowa gida lafiya.