Idan Na'urar Haɗa Sauti Ta Yi Gardama

A duk inda jama'a suka taru, ko masallacin Juma'a ne a zangon Kumasi, ko zauren taro a birnin Landan, ko ɗakin watsa shirye-shirye na gidan rediyo, akwai wani akwati mai maɓallai jere-jere wanda ba a cika kula da shi ba sai ran da ya yi gardama. Wannan ita ce na'urar haɗa sauti, wadda masu sana'ar ke kira miksa. Aikinta shi ne ta karɓi muryoyi daga makirufo daban-daban, ta daidaita ƙarfinsu, ta haɗa su, sa'an nan ta miƙa wa amfilifaya, wadda ke tura wa lasifika. In aka sami tangarɗa, liman zai ƙare huɗuba sahun baya bai ji kome ba.

Gwanayen wannan aiki suna da ƙa'ida guda: sauti kamar ruwa yake a cikin lambatu, saboda haka sai a bi shi daga mafari, a ga inda ya toshe, kuma kada a canja abu biyu a lokaci ɗaya. Alal misali, a cire wayar makirufon da ke ba da wahala a sa ta a wata kafa ta miksa. Idan matsalar ta bi ta, to, laifin makirufo ne ko wayarsa. Idan kuwa ta zauna a kafar farko, sai a tuhumi miksa. Sau da yawa waya ce mai laifi, domin ita ake takawa, ita ake ja.

Bayan wannan sai a kasa kunne, gama kowace cuta da irin kukanta. Idan shiru aka ji, a duba ko an danne maɓallin kashe murya. Har ila yau, akwai makirufo irin na kwandensa waɗanda ba sa aiki sai miksa ta ba su wuta mai ƙarfin bolt 48, dabarar da kamfanin Neumann na Jamus ya fito da ita a 1966. In ba a kunna maɓallin wannan wuta ba, makirufo lafiyayye sai ya zama bebe.

Kururuwar nan mai huda kunne kuwa tana faruwa ne yayin da makirufo ya ji abin da lasifika ke faɗa, ya sāke mayar mata, sauti ya dinga zagayawa yana ƙaruwa. Akan kira ta da sunan Larsen, wani masani ɗan ƙasar Denmark da ya bayyana dalilinta. Maganinta shi ne a rage ƙarfi, a ajiye lasifika gaba da makirufo tana fuskantar jama'a, a kashe duk makirufon da ba a amfani da shi, mai magana kuma ya kusanto da bakinsa.

Idan ana jin huci kamar na maciji, an ƙuntata wa sauti ne a mashiga aka kuma buɗe shi da yawa a mafita. Idan murya na fashewa, jar fitila na walƙiya, an cika shi ne tun daga mashiga. Ƙaiƙayin da ake ji in an murɗa maɓalli kuwa yawanci aikin ƙura ne, abin da mazauna Chadi da Sudan da arewacin Kamaru suka sani sarai lokacin hunturu.

Amma mafi wuyar sha'ani shi ne ƙugin nan mai kauri da ba ya yankewa. Wannan muryar wutar lantarki ce kanta, wadda ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa a Gana da Kamaru da Ingila, sau 60 kuma a Amurka da Saudiyya. Yakan shigo ne idan aka jona miksa a wannan soket, amfilifaya a wancan, sai 'yar wuta kaɗan ta dinga bi ta wayar sauti da ke tsakaninsu. Abin yi shi ne a jona su wuri guda, a yi amfani da waya mai ƙafa uku da ake kira XLR, a kuma nisanta wayar sauti daga wayar wuta.

A nan ne babban haɗari yake. Wasu sukan yanke wayar da ke haɗa na'ura da ƙasa, watau mai launin kore da ruwan ɗorawa a fulogin Ingila, domin yin haka yakan kashe ƙugin nan take. To, amma wannan waya ita ce ke kwashe wuta in ta ɓalle cikin na'ura; in babu ita, jikin mutum ne zai zama hanya. A watan Mayu na 1972, a birnin Swansea na Birtaniya, wani makaɗin gita mai suna Leslie Harvey ya rasu a gaban 'yan kallo bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa ba. Ƙugi abin haushi ne, amma ba ya kisa.

Daga ƙarshe, kyakkyawan ma'aikaci yakan iso kafin jama'a, ya gwada kowane makirufo, ya tanadi waya ta ko-ta-kwana. Yakan kunna amfilifaya a ƙarshe, ya kuma fara kashe ta in an tashi, don kada lasifika ta lalace. Hausawa dai sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.