YADDA ZA A CI KASUWA LAFIYA A LOKACIN ANNOBA

Wannan jawabi ne da wani malamin duba-gari ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci da 'yan kasuwa daga ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum. Mun buga shi don wanda bai samu zuwa ba ya karanta, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.

Na san wasunku sun bar rumfa, wasu sun bar gona. Ba zan tsare ku da yawa ba.

Maganata a yau a kan kasuwa ce. Duk wanda ke nan ya san abin da rufe kasuwa ke nufi. Mun gani a 2020 saboda cutar korona. Mun sake gani a 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. Manomi yana da gero a rumbu amma ba kuɗin cefane. Mai nono ta dawo da ƙwaryarta a cike. Ɗan dako ya kwana da yunwa, domin abin da ya samu yau shi zai ci yau. Don haka nake so mu san dokokin da ke sa a buɗe kasuwa, a kuma bar ta a buɗe, ko da cuta tana yawo.

Bari in tuna muku yadda abin ya faru. An samu mutum na farko mai korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja. A watan Afrilu aka kulle Kano, inda yawancin kayan shagunanmu ke fitowa. Aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha. A watan Mayu muka ji rasuwar Sarkin Kaura Namoda, aka ce cutar ce. Daga nan masu cewa cutar Turawa ce suka fara yin shiru. A 2020 da 2021 ba alhajin da ya tashi daga Nijeriya zuwa aikin Hajji.

Da aka zo buɗewa, ba a buɗe gaba ɗaya ba. Daga 4 ga Mayu aka fara sassautawa, da sharaɗin kowa ya sa takunkumi, da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Gidajen abinci kuwa, sai dai ka saya ka tafi da shi gida. A watan Satumba aka ce su buɗe, amma a waje kawai za a zauna a ci, ba a cikin ɗaki ba.

Ku riƙe wannan doka ta ƙarshe. A ganina ta fi sauran amfani, kuma ita ce ta fi sauƙi a wurinmu.

Ga dalili. Ƙwayar korona tana fita ne daga baki da hanci, in mai cutar ya yi tari, ko atishawa, ko ma magana. Tana tsayawa a cikin iska kamar hayaƙi. Ku dubi yadda hayaƙin murhu ke cika ɗaki in an rufe ƙofa, har ido ya yi ja. Amma in a tsakar gida aka hura wutar, iska ta kwashe shi. Haka ita ma. Shi ya sa mai tsire a bakin tukubarsa da mai ƙosai a gindin bedi sun fi mai shago aminci. Haɗarin yana cikin shago mai ƙofa ɗaya ba taga, da gidan kallon ƙwallo da aka rufe da langa-langa, da motar haya da aka cusa mutum goma aka ɗaga gilashi.

Saboda haka, mai shayi, in annoba ta zo fito da bencinka waje. Maimakon benci ɗaya da mutum shida sun haɗa kafaɗa, ka sa biyu, mutum uku-uku. Tazarar da hukuma ta ce a bari ita ce mita 2, wato kamar kamu huɗu. Mai shago, ka tsaya a bakin ƙofa ka miƙo kaya, kada mutum biyar su shiga lokaci ɗaya. Mai tuwo, ki shimfiɗa tabarmi a inuwa. Direba, ka sauke gilashi ko da ƙura za ta shiga.

Wani zai ce, Malam, kasuwar ƙauye ai duk a waje take. Gaskiya ne, kuma sa'a ce a gare mu. Amma ku je wajen masu awo da hantsi, ko kara lokacin da ake cinikin shanu, ko tasha da la'asar. Numfashin wani a fuskar wani yake. Ga kuma dillali da mai saye sun riƙe hannun juna har ciniki ya faɗa. Maganin wannan yana hannun sarkin kasuwa. Fili bai yi mana kaɗan ba. A ja layin masu hatsi gefe guda, a kai dabbobi nesa, a buɗe hanyar shiga daban da ta fita. In ana ganin taron zai yi yawa, a fara ci tun da sassafe a tashi da wuri.

Akwai abin da aka yi a 2020 wanda daga baya aka gane amfaninsa kaɗan ne. Feshin magani a fili da kan titi bai hana cutar ba, domin ba a ƙasa take ba, a numfashin mutane take. Ƙaramar na'urar nan da ake ɗora wa mutum a goshi tana kama mai zazzaɓi ne kawai, alhali wani yana ɗauke da cutar jikinsa garau. Takunkumi kuwa yana aiki, amma sai ya rufe hanci da baki. Na ga mutane da yawa sun rataye shi a haɓa kamar gemu. Wannan ado ne kawai.

Ku mutanen Anka da Bukkuyum, ba sai an koya muku cewa abin da ido bai gani ba yana kisa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Iyaye ne suka kawo dutsen zinariya gida, ba da mugun nufi ba, ƙurarsa ta shiga jikin yara. Sai da aka kwashe ƙasar gidaje, Bagega ma sai a 2013. Abin da aka koya mana a lokacin shi ne, kada ka shigo da ƙurar wurin aiki cikin gida. Haka dokar kasuwa take a lokacin annoba. In ka dawo, wanke hannu kafin ka ɗauki yaro, kafin ka gaida tsohonka. Tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini su ne korona ta fi kayarwa. A bar su a gida, a aiki yaro mai ƙarfi ya yi musu cefane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023. To, me ya sa nake ta wannan magana? Domin annoba ba ɗaya ba ce. A 2017 sanƙarau ya yi mana ɓarna a Zamfara. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma jiharmu tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Sanƙarau ɗan'uwan korona ne wajen son cunkoso da ɗaki marar iska. Amai da gudawa kuwa hanyarsa daban ce. Ta ruwa da abinci yake shiga, takunkumi ba ya tare shi.

A nan ne masu abinci za su buɗe kunne. Randa guda da moɗa guda da kowa ke tsoma hannu, a daina. A zuba ruwa da buta ko a sa bokiti mai famfo. Kwanon wanke hannu da mutum ashirin suka dama a ciki ba wanke hannu ba ne. A zuba wa kowa ruwa mai gudu, da sabulu, ya cuɗa har ya ƙirga ɗaya zuwa 20 a hankali. In ba sabulu, toka ta fi babu. Mai fura, ki dama da ruwan da aka tafasa ya huce, ki wanke ludayi bayan kowane mutum, ki rufe ƙwarya saboda ƙuda. Mahauci, kada ka wanke nama da ruwan gulbi. Kasuwar da ba ta da masai kuwa, wannan aikin ƙaramar hukuma ne da shugabannin kasuwa, kuma ya kamata ku matsa musu tun kafin damina.

In gudawa ta kama wani a kasuwa, kada a jira. A samu ruwa mai tsabta lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A yi ta ba shi yana kurɓa a kan hanyar zuwa asibiti. Ku rubuta wannan awo a littafinku yanzu, ai don irin wannan kuka koyi rubutu.

Saura doka ɗaya, ita ce mai wuya. Mai zazzaɓi da tari, ko mai gudawa, kada ya zo kasuwa. Faɗa da baki yana da sauƙi, amma mutumin da zai rasa abincin yini ba zai zauna a gida ba sai ya san wani zai riƙe masa. Kuna da adashe, kuna da ƙungiyoyin sana'a. Ku zauna tun yanzu ku yanke cewa in ɗayanku ya kwanta, na kusa da shi zai tsare masa rumfa, a kuma cire masa wani abu daga asusu. Kada kuma a yi wa wanda ya warke gori ko a guje wa kayansa. In aka yi haka, na gaba zai ɓoye ciwonsa ya zo ya zauna a cikinku.

In kuka ga mutum uku ko huɗu sun kwanta da ciwo iri ɗaya a layi ɗaya ko unguwa ɗaya, ku gaya wa mai unguwa da malamin asibiti mafi kusa a ranar. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da aikinsa shi ne bin sawun cututtuka, kuma ta hannun malamin asibiti labari ke isa gare shi.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Iyayenmu mata, ku fara.