Jawabi a Taron Ƴan Yebi Mazauna Diffa: Canja Amortisar na Gaban Mota a Gida



An ce in yi magana a kan motar ƙungiya, tsohuwar Peugeot 504 ɗinmu. Tun da fitinar 2016 ta watsa mutanen Yebi da Bosso, ita ke ɗaukar mana maras lafiya zuwa asibitin Diffa, ita ke kawo buhunan tattasai daga bakin Komadugu. In ta kwanta, mu muka kwanta.

Ciwonta a ƙafar gaba yake. Ku danna gabanta ku saki: in ta yi ta rawa ba ta tsaya nan take ba, ko kuka ga mai na zuba jikin amortisar, to ya mutu. Mota mai wannan ciwo tana cin taya, kuma birki ba ya tsayar da ita da wuri.

Ana iya aikin a gida, amma da sharaɗi. A sami ƙasa mai tauri, a tokare tayoyin baya da dutse, a sa katako ƙarƙashin jak don kada rairayi ya haɗiye shi. In an ɗaga, a tura kututture ƙarƙashin motar. Kada kowa ya sa kansa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kan birki kuma a ɗaure shi da waya, kada ya yi lilo a kan tiyonsa.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Sifirin ɗin da ke kewaye da amortisar a matse yake, ƙarfin da ke ɗauke da nauyin mota yana cikinsa. Wanda ya kwance notin tsakiya na sama bai kama sifirin da ƙarfen matsewa ba, zai tashi kamar harsashi. Da idona na ga ya karya wa wani yaron gareji muƙamuƙi. Igiya ko waya ba su maye gurbin ƙarfen nan. In ba mu da shi, a ciro ƙafar ɗungurungum a kai wa makanike.

A canja dama da hagu tare. Bayan an gama, a kai ta a daidaita tayoyin gaba.

Roƙona ga dattijai, a fitar da kuɗi daga asusu a sayi ƙarfen matsewa, ya zama na kowa. Ma'aji yana nan.

Allah ya kiyaye hanya, ya mai da mu gida lafiya. Wassalam.