Fetur Ya Sauka, In Sayi Mota? Amsa Ga Mai Sauraro Daga Darki

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Darki, a ƙaramar hukumar Wudil ta Jihar Kano. Mai ita manomi ne, yana kuma taɓa fataucin hatsi. Ya ce ya ji an rage kuɗin litar fetur, shi ne yake shawarar ya sayar da babur ɗinsa da shanu biyu, ya cika da kuɗin amfanin gona, ya sayi mota 'yar Kwatano mai filogi shida da aka yi masa tallarta da rahusa. Sannan yana tambaya, me ya sa mai ya sauka amma kuɗin mota da na kayan masarufi suka ƙi motsi?

To malam, mun gode da wasiƙa. Bari mu fara da waiwaye, don wannan ba shi ne karo na farko da fetur ya sauka a ƙasar nan ba.

A farkon 2009 gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta mai da lita naira 65 daga naira 70. A watan Janairun 2012 aka wayi gari tana naira 141, sai da aka yi zanga-zanga da yajin aiki ta dawo 97. A Janairun 2015 Shugaba Jonathan ya rage ta zuwa 87, saboda ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya. A watan Mayun 2016 ta koma 145. A Maris na 2020, lokacin annobar korona, aka sauke ta zuwa 125, kafin shekarar ta ƙare ta haura 160. Ranar 29 ga Mayu, 2023 kuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta zarce 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce dubu a gidajen mai da yawa. A Fabrairun 2025 matatar Ɗangote ta rage farashin sari har sau biyu, daga naira 950 zuwa 890, daga nan zuwa 825, amma kafin Maris ya fita farashi ya sake ɗagawa a gidajen mai.

Ka lura da wani abu, malam? In zai sauka, da cokali yake sauka, in zai hau, da kwano. Ita kuwa mota, in ka saye ta, kana tare da ita shekara biyar, ko goma. Farashin watan da ka saye ta ba shi za ka riƙa biya ba.

Wannan ruɗi ba a kanmu aka fara ba. A Amurka, daga tsakiyar 2014 zuwa farkon 2015, gangar ɗanyen mai ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da dala 50. Mutane suka yi ca a kan jif-jif da manyan a-kori-kura, har a 2018 kamfanin Ford ya sanar zai daina sayar da yawancin ƙananan motocinsa a can. Da galan ya kai dala 5 a watan Yunin 2022, masu manyan motocin nan su suka fi kowa jin jiki. Su ke nan da ke da albashi duk wata, balle kai da sai kaka ta yi.

Yanzu ɗauko takarda mu yi lissafi, misali ne kawai. Mu ɗauka zuwa Kano da dawowa kilomita 100 ne. Mai filogi shida ta sha lita 15, ƙarama mai filogi huɗu ta sha 9. In an rage naira 100 a lita, abin da babbar ta rage maka naira 1,500 ne. Amma bambancin lita 6 ɗin nan, ko a naira 900 aka sayar, naira 5,400 ne duk sawu. Sawu uku a mako, naira 16,200. A shekara ya haura dubu 840. Wannan fa kuɗin sa ne kake zubawa a tanki. Ka tambayi kanka kuma, me ya sa mai ita ya karya farashi? Tun da aka cire tallafi masu irin waɗannan motoci ke neman kai da su.

Ba cewa muke yi babbar mota haram ce ba. Ga ɗan kasuwa, lissafin a kan buhu ake yinsa. J5 ko Kanta da ta cika maƙil da masara daga kasuwar Darki zuwa Dawanau, in ka raba man da ta sha a kan buhuna, ta fi ƙaramar mota sauƙi nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce ranar da babu kaya. Kasuwar Darki sau ɗaya take ci a mako, ta Wudil ran Juma'a. Sauran kwanakin fa, wa zai cika maka ita? In ba ka da amsa, hayar mota ranar kasuwa ta fi maka, ka bar babur ɗinka da ke kai ka gona da lita ɗaya. Su kuma shanun, in na huɗa ne, ka tuna damina na tafe, kuma tarakta ba ta shan fetur, gas take sha, shi kuma farashinsa daban yake tafiya.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta biyu. Direba ba mai kaɗai yake saye ba. Akwai taya, da baƙin mai, da batir, da kayan gyara, yawancinsu daga waje ake shigo da su, da dala. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ga kuɗin tasha, ga abin da ake miƙawa a hanya, wanda kowa ya sani. Manyan motocin da ke ɗauko taki da siminti da shinkafa kuma gas suke sha. Shi ma mai kanti, kayan da ya saro da tsada ba zai karyar ba sai sun ƙare. Sai dai mu faɗi gaskiya, akwai son zuciya a ciki: ranar da aka ƙara kuɗin mai, kafin la'asar an ƙara kuɗin mota, ranar da aka rage kuwa sai kowa ya zama kurma.

Inda ragin yake shiga aljihu kai tsaye shi ne wurin mai babur da mai injin ban ruwa. Manomin rani a bakin kogin Wudil da ke ƙona lita 10 a rana, ragin naira 100 ya bar masa dubu guda kullum. Irin wannan kuɗi ba a ganin tafiyarsa, tsire ne, da katin waya, da ziyarar da dā an haƙura da ita. In ya ware shi ya zuba a adashi, wata biyu ya tara dubu 60, ya rage masa nauyin taki.

In dai ka ƙudura sai ka sayi motar, tafi da makanikin da ka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba. Ku cika tanki, ku je Wudil ku dawo da kaya a ciki, ku sake cikawa, ka ga abin da ta sha da idonka. Sannan ka yi lissafinka a kan lita naira 1,200. In har a haka tana biyan kanta, bismilla.

Allah Ya sa albarka a nema. A gaida mutanen Darki.