Kafin ka hau kwale-kwale, a tayar da injin a gabanka

Daga Kaura Namoda nake magana, kuma yau batun injin kwale-kwale ne.

Na san wani zai ce, mu da muke bakin Gagare, ina ruwanmu da injin jirgi? To ai samarinmu na Kaura, Shinkafi da Zurmi suna fita neman kuɗi har Yauri da Goronyo, kuma can kwale-kwale mai inji ake hawa. Ba mu manta da hatsarin Warra na 2021 ba, da na Gummi a 2024.

Lokacin da nake bautar ƙasa a Yauri, injin ya taɓa mace mana a tsakiyar Kogin Neja. Mai jirgi ya ja igiya har ya gaji, ruwa na jan mu, mata na salati. Kun san matsalar? Fulogi ne ya yi baƙi ƙirin. Wani yaro ya goge shi, inji ya tashi. Wallahi har yau ina tuna yaron nan.

Ga abin da na koya. Ƙaramin injin da ake ja da igiya ba ya buƙatar batir. Maganaɗisun da ke jujjuyawa a samansa ne ke samar da wuta, ta bi ta CDI da kwayil, ta isa fulogi. Kusan irin na injin ban-ruwan fadamarmu ne.

In ya ƙi tashi, fara da maɓallin kashewa. Akwai ƙaramin maƙale mai jar igiya; in ya zame, wuta ba za ta zo ba.

Sai fulogi. Kwance shi, mayar masa da hularsa, jingina shi da ƙarfen inji nesa da fetur, ka ja igiya. Tartsatsi shuɗi, lafiya lau. In babu, gwada sabo. In har yanzu shiru, cire wayar maɓallin kashewa. Idan wuta ta dawo, shi ne ya lalace.

Injin da ke tashi da sanyi, ya mutu in ya yi zafi, sau da yawa kwayil ne. Wannan aikin makanike ne, kar a kai shi tsakiyar ruwa. Mai batir kuma, a duba kan batir da wayoyi, don danshi na cinye su. In wuta na nan amma bai tashi ba, duba fetur, ko ruwa ya shiga tanki.

Duk wannan a bakin gaɓa ake yin sa, ba bayan an cika jirgi ba. Don haka ɗan'uwa, ka tambaya: akwai fulogin ajiya? Akwai filafili? Ina rigar kariya? In mai jirgi ya ji haushi, ka haƙura ka jira na gaba.

Ku tura wa duk wanda kuka san yana tsallaka ruwa. Allah Ya tsare mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.