Daga Datsun 240Z Zuwa Injin Ban-Ruwa: Ilimin Ƙera Salansa

 Shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamai, manoma, da 'yan'uwana masu walda da kanikawa da na hango kun raɓe a jikin bango can baya: ku matso gaba, yau zancenku za a yi.

Da na ce a kan salansa zan yi magana, wanda ya kawo mini takardar gayyata ya yi dariya, ya ce, "Malam, a ƙasar shinkafa da tumatir?" Na ce masa ya fita bakin kanal da sassafe a lokacin rani ya kasa kunne. Gaskiya ne ruwan Tiga da ƙafarsa yake zuwa. Tun da aka kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, gangara ce ke kawo shi gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Amma wanda gonarsa ta hau tudu, ko take wajen shatar kanal, ko take can ƙurya inda ruwa kan iso a gajiye, sai da inji. Ga injin casa, ga injinan gyaran shinkafa da suka jeru a Kura, ga tarakta, ga manyan motocin da ke lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan su nufi Legas. Kowannensu yana da bututun da yake fitar da hayaƙi, kuma da yawa daga cikin bututan nan a hannun mai waldar unguwa suka samu siffarsu ta yanzu.

Zan fara daga nesa, daga tsofaffin motocin tsere. Dalili shi ne a can wannan sana'a ta kai maƙura. Ku ɗauki Datsun 240Z, motar Japan mai silinda shida da ta fito a 1969, wadda ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973. Ko kuma tamu ta gida, Peugeot 504, da aka fara haɗa motocin kamfaninta a Kaduna a 1975, shekarar da ita ma ta ci wannan gasa. Mai irin wannan mota a yau, idan salansarsa ta ruɓe, sau da yawa ba ya samun ta ainihi a kanti, ko ya samu ba ta dace da gyaran da ya yi wa injin ba. Dole ya nemi maƙeri ya ƙera masa daga farko. Shi kuwa maƙerin ba ya taɓa wuta sai ya gama lissafi.

Ga abin da yake lissafawa. Hayaƙi ba ya fita daga inji kamar yadda ruwa ke bin tiyo a jere. Tunkuɗa-tunkuɗa yake fita. Ƙaramin injin ban-ruwa mai silinda ɗaya, idan yana juyi 3,600 a minti, yana tunkuɗo hayaƙi sau 1,800, wato sau 30 kowace daƙiƙa. Kowace tunkuɗa idan ta ruga cikin bututu tana barin ɗan gurbi a bayanta, kamar yadda tirela ke jan leda da ƙura idan ta wuce ka a hanyar Zariya. Wannan gurbi yana zuƙo sauran hayaƙin da ya maƙale a silinda, ya ba sabon mai da iska wuri. In bututu ya yi ƙunci, hayaƙi ya cushe, inji ya riƙa ɓata ƙarfinsa wajen ture shi. In ya yi faɗi da yawa, tunkuɗar ta yi sanyi ta rasa gudu, zuƙar ta mutu, sai ka ji inji ba shi da kuzari idan yana ƙasa-ƙasa. Mutanenmu kan raina bambancin rabin inci. To bututu mai inci 2 hanyar da ke cikinsa ta kusa ninka ta mai inci ɗaya da rabi.

A mota mai silinda huɗu, wutar tana tashi ne bi da bi: ta ɗaya, ta uku, ta huɗu, ta biyu. Saboda haka maƙerin da ya san aikinsa yakan haɗa bututun ta ɗaya da na ta huɗu, na ta biyu da na ta uku, sannan ya tara biyun su zama ɗaya, don kada tunkuɗa biyu su yi karo a bakin ƙofa. Yana kuma ƙoƙari tsawonsu ya zo daidai, shi ya sa idan ka leƙa injin irin waɗannan motoci za ka ga bututai sun nannaɗe kamar hanjin rago. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ado ne.

Sai lanƙwasa, kuma a nan nake so masu walda su ba ni hankalinsu. Idan ka ɗora bututu a gwiwa ko a jikin ƙarfe ka tanƙwara shi haka nan, cikin kwanar zai tattare, bayanta ya shafe, hanyar ta tsuke. Ka sayi inci biyu a kasuwar Ƙofar Ruwa, amma a kwanar abin da ya rage bai kai haka ba, kuma hayaƙi da mafi ƙuncin wuri yake aiki. Masu kuɗi a Turai da Amurka suna da na'urar da ke zura sandar ƙarfe a cikin bututun yayin da ake lanƙwasa shi don kada ya lotse. Mu ba mu da ita a nan, amma tsohuwar dabarar da suka yi amfani da ita kafin na'urar tana hannunmu: a cika bututu da yashi, a danƙare shi sosai, a toshe bakunan, a gasa wurin har ya yi ja, a lanƙwasa a hankali. Yashi kuwa ba mu da talaucinsa. Sharaɗi ɗaya ne, ya bushe ƙarau, don yashi mai laima a cikin rufaffen bututu mai zafi tururi yake zama, yana iya fashewa a fuskar mutum. Wanda ba ya son yashi, ya yanka bututun ƙanana-ƙanana a karkace, kamar yankan kankana, ya jera su ya bi da walda. Yana cin lokaci, amma hanyar ba ta tsukewa.

Na ga wannan da idona a gonar ƙanena. Salansar injinsa ta ɓalle ana tsakiyar ban-ruwan alkama, wani yaro mai walda ya liƙa masa guntun bututun ruwa mai lanƙwasa biyu a tattare. Inji ya tashi, kowa ya yi hamdala. Bayan kwanaki sai ya fara ƙorafin man da ya saba kai shi la'asar yanzu da ƙyar yake wuce azahar, ga zafi, ga fulogi yana yin baƙi. An kwance kafireto, an zagi mai sayar da fetur, an ce an yi wa gonar baki. Babu wanda ya kalli bututun, sai da wani dattijon bakanike ya sa tafin hannu kusa da bakinsa ya ce, "Wannan ai numfashi ne ya gagare shi." Da a ce shekarun baya ne da sai a share. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, kowace lita da ta tafi a banza buhun wani ce take ragewa.

Wannan bututun ruwa ma yana da wata illa. Farin rufin da ke jikinsa tutiya ce, idan wutar walda ta taɓa ta sai ta tashi da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Na san al'adarku, a sha madara bayan aiki. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, hayaƙin kuwa huhu ya shiga. A kankare rufin kafin a kunna wuta, a yi aikin a fili.

Me ya sa salansa ke ruɓewa daga ciki? Kowace litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kimanin lita guda, a matsayin tururi. Idan inji ya mutu bututu ya huce, sauran tururin ya kwanta, tsatsa ta kama. Shi ya sa masu tsofaffin motoci suke zaɓar ƙarfen da ba ya tsatsa, nau'in da ake kira 304, mai kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel, su yi masa walda da iskar agon. Wannan tsada ce da manomi ba ya buƙata. Ɗan ƙaramin huji a mafi gangaren tukunyar salansa, da murfi mai lilo a kan bututun tarakta da ke kallon sama, sun ishe mu.

Ƙara kuma, 'yan samari masu yanke salansar babur ranar ɗaurin aure su yi haƙuri da ni. Ƙara daban, ƙarfi daban. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a wajen desibel 85 na awa 8, ƙaramin inji marar salansa kuwa ya zarce nan. Kunnen da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ku lura da masu aikin injin niƙa da suka daɗe, sai an ɗaga murya suke ji, mu kuma mu ce tsufa ne.

Akwai illar da ta fi wannan, domin ita rai take ɗauka. Famfo ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, don haka idan ruwan ƙasa ya ja baya a ƙarshen rani, manomi yakan haƙa rami ya saukar da injin ciki. Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, a cikin rami kuwa ba ta da hanyar watsewa. Yaro ya sauka gyara tiyo, jiri ya ɗauke shi, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Haka ɗakin injin shinkafa da aka rufe saboda sanyin hunturu. Maganin a hannun mai walda yake: bututun da zai fitar da hayaƙin sama da bakin rami ko bayan bango, wanda ya fi na asali faɗi saboda tsawonsa, mai ƙarancin kwana, kuma ba ya yoyo a mahaɗa. Duk da haka a kashe inji, a jira, kafin kowa ya sauka. Na injin casa kuma a sa masa ragar ƙarfe a baki, saboda tartsatsi ɗaya ya ishi tarin bambaron shinkafa.

Roƙona ga malamanmu na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da tashar binciken noman rani ta Kadawa ƙarami ne. Injinan da ke yankin nan nau'insu bai taka kara ya karya ba. Ɗalibi ɗaya da ma'auni da bokitin awon mai zai iya gwada faɗi da tsawon bututun da ya fi dacewa da kowanne, a rubuta a takarda ɗaya da Hausa, a manna a rumfar kowane mai walda daga Kura zuwa Bunkure. Hannun yana nan, kunnen yana nan, dattijon da ya gano ciwon injin ƙanena da tafin hannu shaida ne. Lambobin ne ba a ba su ba.

Ga bututu biyu nan a kan tebur, faɗinsu ɗaya, kwanarsu ɗaya. An lanƙwasa guda da yashi, guda a gwiwa. A zagaya da su, kowa ya zura yatsa a kwanar ya ji. Wanda suka ƙare a hannunsa ya dawo mini da su don Allah, arowa na yi.